Idan Ruwa Ya Janye: Yadda Kifi Ke Sauya Hanyar Neman Abinci

Daga watan Nuwamba, rafukan yankin Ruwan Godiya da sauran sassan Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa sukan fara janyewa. Kafin bazara ta kama, sai kududdufai masu laka. Kifin da ya bazu cikin fadama da damina ya dawo ya cunkushe wuri guda: bakuna sun yi yawa, abinci ya yi kaɗan.

Gaiwa haƙuri ta zaɓa. Takan shige cikin laka, ta lulluɓe jikinta da yauƙi, ta yi watanni ba ci har ruwa ya dawo.

Tarwaɗa ba haka take ba. Tana da wata gaɓa a cikin kanta da ke ba ta damar shaƙar iska, don haka a daren da ƙasa ke da danshi takan ja jiki daga wannan kududdufi zuwa wancan. Ƙwari, kwaɗi, ƙananan kifaye, duk nata ne. In abin ya yi tsanani, 'yan'uwanta ma ba su tsira ba. Masu kiwon kifi sun san wannan sarai, shi ya sa suke ware manya daga ƙanana tun suna 'yan tsaki. Abin da ya fi burgewa shi ne haɗin kanta: a dausayin Okabango na ƙasar Botswana, idan ruwa ya fara sauka, tarwaɗa kan yi gungu, su shiga cikin ciyawa suna kaɗa wutsiya, su firgito ƙananan kifaye su far musu tare.

Tsage kuwa sama ya duba. A 2014 masana suka wallafa cewa a madatsar ruwa ta Schroda da ke Afirka ta Kudu, tsage na tsalle ya cafke tsattsewa tana cikin tashi.

A Faransa ma, a garin Albi, wani nau'in ƙaton kifi, ɗan'uwan tarwaɗa, da aka saka a kogin Tarn a 1983 ya koyi farautar tattabaru. Yakan laɓe a bakin ruwa, ya yunƙuro har kan tsakuwa, ya ja tsuntsuwa ciki. Binciken da aka fitar a 2012 ya nuna cewa kashi 28 cikin 100 na irin wannan hari kan yi nasara, kuma matsakaita ne ke yin sa, masu tsawon santimita 90 zuwa 150, ba manyan cikinsu ba.