Katin Tesco da Dukiyar da Ke Cikin Rasit

A watan Fabrairun 1995 kamfanin manyan kantuna na Tesco a Birtaniya ya fito da wani kati mai suna Clubcard. Duk sayayyar da mutum ya yi sai a ba shi maki daidai da kuɗin da ya kashe, wato ragin kashi 1 cikin 100, ana aiko masa da takardun ragin ta gidan waya duk bayan wata uku. Shugaban Sainsbury's, kamfanin da ke jan ragamar kasuwar a lokacin, ya yi wa katin kallon tsohon yayi. Cikin shekarar Tesco ya sha gabansa, kuma har yau bai sauka ba. Ba shiri Sainsbury's ya fito da nasa katin a 1996.

Kafin katin, na'urar karɓar kuɗi ta san adadin madarar da aka sayar, amma ba ta san wa ya saya ba. Da katin ya zo, kowane rasit ya samu suna da adireshi. Mai shagon unguwa ya san gidan da aka haihu tun kafin ranar suna, daga sabulu da gawayin da ake aiko yara saye. Irin wannan sanin Tesco ya samu a kan gidaje miliyoyi. Masu tace bayanan wasu mata da miji ne, Edwina Dunn da Clive Humby, masu kamfanin dunnhumby. Kwamfutocin zamanin ba su iya ɗaukar dukkan rasit ɗin, sai suka riƙa tsakuro kaɗan suna auna sauran da shi.

Amfanin ya fi fitowa a wajen farashi. Maimakon a karya kuɗin komai, sai a gano 'yan kayan da masu ƙaramin ƙarfi ke sa wa ido, a rage nasu kawai. Haka kuma kayan da suka daɗe a kan kanta ba su tafiya, da a da kwashe su za a yi, sai aka ga wasunsu manyan masu kashe kuɗi ne ke zuwa dominsu, in ka cire su ka kori mai cika kwando. Daga baya bayanan kansu suka zama haja: kamfanonin da ke kawo kaya suna biya don su san masu sayen nasu.

Sai dai a ganina ana yi wa katin kirarin da ya wuce ƙarfinsa. A shekarun nan Tesco yana ta gina manyan kantuna, ya kuma saye William Low na Sukotlan a 1994. Sannan abin da kati ke nunawa shi ne halin wanda ya shigo. Wanda ya ɗauke ƙafa, rasit ɗinsa yana aljihun wani. Bayan rikicin tattalin arziki na 2008, kantunan Jamus biyu, Aldi da Lidl, suka riƙa janye jama'a da kaya 'yan kaɗan masu arha, kuma Aldi ko katin ba shi da shi. Shi kuwa Tesco, duk da katinsa, ya je Amurka da kantunan Fresh & Easy a 2007, ya tattaro komatsansa a 2013. A 2015 ya bayyana asarar fam biliyan 6.4, mafi yawanta daga faɗuwar darajar gine-ginen nan da ya yi ta ginawa.

Yanzu da kusan kowane babban kanti ke da irin wannan tsari, gasar ta koma kan tilasta wa mutane fito da katin. A kantar Tesco za ka ga farashi biyu a kan kaya ɗaya, na mai kati da na marar kati. Hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya ta binciki irin wannan farashi a 2024, ta ce fiye da kashi 90 cikin 100 na ragin na gaskiya ne. Wanda bai yarda a san abin da ke shiga kwandonsa ba kuwa, shi ke biyan farashin sama.