Taragon da Ba Ya Ɗaukar Fasinja

[Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta]

 

Yau zancen jirgin ƙasa za mu yi. Gaskiya ne dogo bai iso Damagaram ba tukuna, amma yana matsowa. Tun a watan Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin da zai tashi daga Kano, ya bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, ya shigo Maraɗi, tsawon kimanin kilomita 284, kuma kamfanin Mota-Engil ne aka bai wa aikin. Daga Maraɗi zuwa nan kuwa, direba ya san tafiyar 'yan sa'o'i ce. Saboda haka a tasha da kasuwa da majalisar shayi, hira takan faɗa kan ranar da za mu ga kan jirgi da taragan fasinja a ƙofar garinmu.

Akwai wani tarago da ba a sa shi a wannan hira. Ba shi da kujera, ba shi da taga, ba shi da rufi. Ba ya ɗaukar gyaɗa ko wake ko shanu. Rairayi yake ɗauka, da laka, da ruɓaɓɓiyar tsakuwa. Shi ne taragon kwashe ƙasa, na ma'aikatan gyaran hanya, kuma layin da ba shi da irinsa ba ya daɗewa a raye.

[Gajeren kiɗa]

Bari mu fara da yadda ake shimfiɗa dogo. Ƙarafa biyun nan da ƙafafun jirgi suke bi, a kan gungume ake ɗaure su, na katako ko na ƙarfe ko na kankare. Su kuma gungumen, a cikin fasasshen dutse ake binne su, tsakuwa mai kaifin baki, kaurinta a ƙarƙashinsu ya kai kamar santimita 30. Aiki uku wannan tsakuwa take yi. Tana riƙe dogo kada ya goce, tana rarraba nauyin jirgi a kan ƙasa, sannan tana barin ruwan sama ya tsiyaye ta 'yan kafofin da ke tsakanin dutse da dutse.

To, waɗannan kafofi su ne ran hanya. Duk jirgin da ya wuce yana niƙa duwatsun kaɗan, gari yana zuba ciki. Iska tana kawo ƙura da rairayi. Damina tana turo laka daga ƙasa. Sannu a hankali kafofin su toshe, ruwa ya rasa mafita ya kwanta, ƙasa ta yi laushi, dogo ya fara lotsawa a wani wuri yana tudu a wani. Daga nan sai a ce wa direba ya rage gudu. In ba a yi wani abu ba, wata rana jirgi ya sauka daga kan layi.

Magani ɗaya ne: a tono abin da ya lalace, a fitar da shi, a zuba sabuwar tsakuwa. A nan tambaya take tasowa. Wannan tarin ƙasa da aka tono, ina za a kai shi? Mai gaggawa zai ce a watsa shi gefen hanya. Duk manomin da ya taɓa share rairayi daga bakin gonarsa a Gure ya san amsar. Abin da ka zuba gefe da safe, iskar hunturu za ta maido maka da shi kafin mako ya zagayo. In damina ce, ya toshe lambatu, ruwa ya dawo kan dogo. A inda hanya ta ratsa tsakiyar tudu ko ta hau gada ko ta shiga gari, babu ma gefen da za a zuba. Dole a loda, a tafi da shi nesa.

[Ƙarar jirgi yana wucewa, sannan a sassauta]

Taragan nan iri-iri ne. Na dā buɗaɗɗu ne masu gajeren gefe, ana zare sakata gefen ya faɗo, leburori su loda da shebur, su sauke da shebur. Akwai masu karkata su juye kayansu a gefe ɗaya. Gajartar gefen nan da dalili: jiƙaƙƙiyar ƙasa tana da nauyi ƙwarai, ta fi kwal nesa ba kusa ba. A Ingila, lokacin da aka mayar da tsofaffin taragan kwal zuwa wannan aiki, sai da aka huda musu tagogi a jiki, domin in lodi ya kai wurin ya riƙa zubowa, mai lodi ya san ya isa haka. Tarago yakan yi kamar da sauran wuri a cikinsa, alhali gatarinsa ya riga ya ɗauki abin da zai iya.

Na zamani kuwa abin kallo ne. Kamfanoni irin su Plasser & Theurer na ƙasar Ostiriya suna ƙera injin da yake zura sarƙa a ƙarƙashin gungume, yana yashe tsakuwa yana tafiya. Ya haura da ita sama, ya tankaɗe ta a rariyar ƙarfe, duwatsu masu kyau su koma mazauninsu, dattin kuma ya bi bel zuwa taragan da ke jere. Kowane tarago ƙasansa bel ne mai tafiya, yana miƙa wa na gabansa, har na can ƙarshe ya cika. Sai a cire cikakkun, a ja su zuwa wurin zubarwa, injin bai tsaya ba. Lokaci ne abin tsada a wannan aiki, domin 'yan sa'o'i ake rufe hanya, galibi da dare. Da zarar taragai sun cika ba a samu na canji ba, injin komai tsadarsa sai ya tsaya, ma'aikata su zauna.

[Gajeren kiɗa]

Jama'a, mutanen ƙasar Hausa ba baƙin wannan aiki ba ne. Lokacin da Turawan Ingila suka shimfiɗa dogo daga Baro zuwa Kano, wanda ya iso Kano a 1911, da diga da kwando aka yi shi. Dubban talakawa aka tattaro ta hannun sarakuna, suna sara, suna ɗaukar ƙasa a ka. Wahalar ta kai har Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi ya yi wa aikin waƙa, wadda aka sani da Waƙar Diga. Kafin taragon kwashe ƙasa, wuyan ɗan Adam ne ya yi dakon.

Wannan dogo ya taɓa rayuwar kakanninmu duk da bai zo garinsu ba. A lokacin Damagaram ce hedikwatar mulkin Faransa a Nijar, daga 1911 har 1926 da aka mayar da ita Yamai. Gyaɗar Magarya da Matamaye, da fatu da ƙiraga, Kano suke nufa, a bayan raƙuma da jakuna, daga baya a manyan motoci, daga can jirgi ya kai su Ikko. A 1930 reshen dogo ya kai Nguru, ta Ringim da Malam Madori, kusa da iyakarmu ta kudu. Yau jirgi ba ya bin wannan reshe yadda yake yi a zamanin dalar gyaɗa. Hanyar da aka daina kwashe wa ƙasa, ciyawa da rairayi ne suke gadonta.

A cikin gida ma muna da darasi. A watan Janairun 2016 aka ƙaddamar da layin Yamai zuwa Dosso, kimanin kilomita 140, wanda kamfanin Bolloré ya shimfiɗa, amma bai kama jigilar yau da kullum ba. Ku dubi kuma Muritaniya. Layinsu na kilomita kusan 700, daga ma'adinan ƙarfe na Zuwerat zuwa tashar ruwa ta Nuwadibu, yana aiki tun 1963 a tsakiyar hamada. Rairayi yana hawa dogo, yana cin ƙarfe, amma kamfanin SNIM yana da ma'aikata da injuna da ba su da wani aiki sai share hanya da gyaranta. Abin da ya raba layin da ke raye da wanda ya kwanta ke nan.

[Gajeren kiɗa]

Ɗan Damagaram ya fi kowa sanin wannan. Ganuwar da Sarki Tanimu ya kewaye Birni da ita a ƙarni na 19, ta ƙasa ce, kuma ginin ƙasa da yaɓe yake rayuwa. Damina ta zaizaye, kaka ta yi, a kwaɓa ƙasa a mayar. Da aka daina, ga abin da ya rage mana, guntaye nan da can. Dogo ma haka yake, ko da yake na ƙarfe ne.

To me ya kamata mu tambaya tun yanzu? Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Na farko, duk yarjejeniyar da za a sa wa hannu kan kawo dogo yankinmu, a rubuta kayan gyara a cikinta: taragan kwashe ƙasa, taragan zuba tsakuwa, injunan share rairayi, da kuɗin kula da su shekara bayan shekara. Kada a dogara da aro, domin faɗin layi ba ɗaya ba ne. Tsohon dogon Najeriya milimita 1,067 ne, na Yamai zuwa Dosso mita 1, na Kano zuwa Maraɗi kuwa milimita 1,435. Taragon wannan ba ya hawa wancan.

Na biyu, a tanadi wurin zubarwa. Rairayi da laka masu tsabta za su iya cike kwazazzabai da ramukan da ruwa ke ci a gefen garuruwa. Amma tsakuwar da ta sha baƙin mai a tasha, a nisanta ta da rijiyoyi da tafkuna. Garin da ya san tsadar ruwa irin namu ba zai yi wasa da wannan ba.

Na uku, a rage abin da za a kwashe tun daga tushe. Mutanen Gure da Maine Sorowa sun iya ɗaure tudun rairayi da shingen ƙirare da ganyen goruba. Manoman Magarya, Matamaye da Mirya sun raya gawo a gonakinsu har duniya ta zo koyo. Kowane shinge da kowace bishiya a gefen dogo, lodin tarago ne aka rage.

Na huɗu, a koya wa 'ya'yanmu aikin. Makarantun koyon sana'a na jihar nan su fara shirya masu walda, makanikai da masu awon hanya, domin ranar da masu kwangila suka naɗe kayansu suka tafi, hanya ta zauna a hannun masu ita.

Iyayenmu sarakuna, 'yan majalisa, 'yan kasuwa da ƙungiyoyin matasa, in an kira taro kan maganar dogo, ku tambayi tasha, ku tambayi kuɗin tikiti, sannan ku ƙara da wannan: wa zai kwashe ƙasa, da me zai kwashe, kuma wa zai biya shi?

[Kiɗan rufe shiri ya fara a hankali]

A nan muka kawo ƙarshen shirinmu na yau. Muna jiran ra'ayoyinku, musamman dattawan da suka yi fatauci ta Kano ko Nguru a zamanin jirgi, domin mu ji daga bakinku a shiri na gaba.  

[Kiɗa ya ɗaga, ya rufe]