Nok: Ƙauyen Manoman Citta da Sunansa Ya Zagaya Duniya

Ɗalibin tarihi a Landan ko Paris zai iya yi maka bayanin Nok tiryan-tiryan, amma a nan Kaduna mutane da yawa ba su san hanyar garin ba. Nok ƙauye ne a ƙaramar hukumar Jaba da ke kudancin jihar, kusa da Kwoi, hedikwatar ƙaramar hukumar, yamma da Kafanchan. Mazaunansa Ham ne, waɗanda Hausawa ke kira Jaba. Sarkinsu shi ne Kpop Ham, kuma a Kwoi suke taruwa duk shekara don bikin Tuk Ham.

Ƙasar ta duwatsu ce da kwaruruka da ƙoramu. Damina kan fara tun watan Afrilu ta kai Oktoba, ruwan kuma ya fi na Kano da Katsina nesa ba kusa ba. Ana noma doya, acca, dawa, masara da gwaza, amma citta ce ke kawo kuɗi. Da farkon damina ake dasa ta, a lulluɓe gonar da ganye don riƙe danshi, a tona bayan ruwa ya ɗauke. Daga nan sai mata da yara su zauna tsaga ta da wuƙa, a shanya, a ɗura a buhu, 'yan kasuwa su kwasa daga Kwoi da Kachia da Kafanchan zuwa Legas, har ƙasashen waje. Da cutar ruɓewa ta afka wa gonakin citta a 2023, gidaje da yawa sun rasa amfanin shekara har da irin shuka.

Kuza ce ta fara fito da sunan garin. A 1928, ana haƙar kuza kusa da Nok ƙarƙashin wani Bature, Kanar Dent Young, ma'aikata suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu mai kama da na biri. Aka kai shi Jos aka ajiye, ba wanda ya damu da shi. A 1943 aka tono wani kan, wannan karon na mutum, a wurin haƙar kuza kusa da Jama'a. Wanda ya same shi ya kafa shi a gonar doyarsa don korar ɓarna, abin da yau manyan gidajen tarihi za su yi rububinsa! Da kan ya isa hannun Bernard Fagg, wani jami'in mulkin mallaka da ya karanci ilimin tonon tarihi, sai ya ga aikin ya yi kama da na farkon. Shi ya raɗa wa tsohuwar al'adar da ta ƙera kawunan sunan ƙauyen, shi ne kuma ya jagoranci kafa gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952.

Mutum-mutumin Nok ba ya ɓuya. Idanun masu kusurwa uku ne, an huda ƙwayar ido da hanci da baki, ga kitso iri-iri da tarin duwatsun wuya. An samu irinsa daga tsaunukan Jos har kewayen Abuja da Katsina-Ala, don haka ba aikin gari ɗaya ba ne.

Binciken da masana daga Jami'ar Goethe ta Frankfurt suka fara a 2005 ƙarƙashin Peter Breunig, tare da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ya nuna cewa mutanen wannan al'ada sun zauna a yankin tun wajen shekara 1500 kafin Miladiyya. Manoma ne masu ƙananan gidaje a warwatse, suna shuka gero da wake. A 2021 masana daga Jami'ar Bristol suka gano ragowar kakin zuma a jikin tukwanensu. A wani wuri mai suna Taruga kuma an tono murahun narka tama na ƙarnoni kafin Miladiyya, suna cikin mafiya daɗewa a Afirka ta Yamma. A ganina wannan ya fi komai muhimmanci: fasahar da duniya ke yabo daga hannun ƙauyawa ta fito, ba a gano wata fada ko birni a bayanta ba.

Sai dai ɓarayin kayan tarihi sun yi wa yankin mummunan ta'adi, musamman a shekarun 1990. Dillalai kan ba matasa 'yan kuɗi su tona, su kuwa su sayar da tsada a Turai. A 2000 aka baje wasu daga cikin kayan a gidan tarihi na Louvre a Faransa, aka yi ta ce-ce-ku-ce, har aka daidaita a 2002 cewa mallakar Najeriya ne, amma za su zauna can aro na shekara 25. Abin da aka fizge daga rami ba tare da masani ya auna wurin ba, ya rasa rabin labarinsa.

Ya kamata manomin da fartanyarsa ta ci karo da irin wannan yumɓu ya bar shi inda yake, ya sanar da mai unguwa da jami'an gidan tarihi. Gwamnatin jiha kuma ya kamata ta sa Nok cikin wuraren da ake kai 'yan makaranta ziyara.