Baƙin gilashin mota: duhu daban, sanyi daban

Duk wanda ya taɓa barin motarsa a rana a Yamai, ko Tawa, ko Damagaram cikin watan Afrilu ko Mayu ya san abin da ke jiransa idan ya dawo. Sitiyari ba ya taɓuwa, kujera kamar an ɗora ta a kan garwashi, yara na kuka tun ba a tayar da mota ba. A wannan lokaci na bazara zafi kan haura digiri 40 ko a inuwa, wani zubin ya kai 45. Shi ya sa magidanta da yawa ke kai motocinsu wurin masu manna baƙar leda a gilashi, wasu don gudun zafi, wasu don suturta iyali daga idon jama'a. Sai dai mun lura cewa akasarinmu da ido muke zaɓe, mu ce wa mai aikin: «Malam, sa mini wadda ta fi baƙi.» A nan kuskuren yake farawa.

Daga ina zafin yake zuwa?

Abin da rana ke aiko mana kashi uku ne. Akwai hasken da ido ke gani. Akwai wanda ido ba ya gani amma fata na jin ɗuminsa, wanda masana ke kira infrared, kuma shi ne wajen rabin ƙarfin rana. Sai ɗan kaɗan da ake kira ultraviolet, mai ƙona fata, ya koɗar da launin kujeru, ya tsattsage robar gaban mota. Dukkansu suna ratsa gilashi su sauka a kan kujeru da roba. Waɗannan kuma su ɗauki zafi su riƙa sakinsa a cikin motar da ke rufe, ba hanyar fita.

Baƙin leda hasken da ido ke gani yake ragewa. Tare zafin da ba a gani kuwa ya danganta ne da abin da aka haɗa ledar da shi. Mafi araha ita ce mai rini kawai: tana kawo duhu, zafin da take tarewa kaɗan ne, kuma rana irin tamu kan mayar da ita shuɗi-shuɗi mai ja, ta yi ƙuraje. Akwai mai ɗauke da siririn ƙarfe, wadda ke mayar da zafi waje kamar madubi, amma takan raunana sigina ta salula da rediyo. Akwai mai sinadarin gawayi, wadda ba ta saurin koɗewa. Sannan akwai ta seramik, mafi tsada, wadda ke iya zama fes kamar ba a manna komai ba, alhali ta fi baƙa ƙirin mai rini tare zafi.

Haka ma motocin da ke iso mana daga Turai. Da yawansu suna zuwa da gilashin baya mai duhu tun daga masana'anta. Wannan launi a cikin gilashin yake, kuma babban aikinsa ɓoye na ciki ne.

Lambar da ya kamata mu tambaya

Kowace leda ta kirki tana da lamba mai nuna kashi nawa cikin ɗari na haske take bari ya wuce. Mai lamba 70 kusan fara ce. Mai 35 tana da duhu matsakaici. Mai lamba 5 kuwa kashi 5 kacal take bari, sauran 95 ta haɗiye. Ban da wannan lamba, sai mu nemi ganin kwalin ledar ko takardarta, inda aka rubuta yawan zafin ranar da take tarewa. Wanda ya kasa nuna mana ko ɗaya, rini yake sayar mana.

Mu tuna cewa motar da muka sa wa duhu da tsakar rana ita za mu tuƙa bayan magariba. Hanyoyinmu ba duka ke da fitilu ba. Akwai amalanken jaki maras ko ƙyalli, akwai ɗan kabu-kabu da ba shi da wutar baya, akwai yaron da aka aika shago. Direban da gilashinsa na gefe ke shigo da kashi 5 na haske ba zai hango su a kwana ba, kuma madubin gefe bai da amfani gare shi.

Dalilin da ya sa hukumomi ke sa ido ke nan, haɗe da batun tsaro. A Faransa, tun ranar 1 ga Janairu 2017, tilas gilashin gaba da na ƙofofin gaba su bar aƙalla kashi 70 na haske ya wuce, kuma an sa tarar yuro 135 ga mai saɓawa. A Nijeriya an kafa dokar hana baƙin gilashi a 1991, wadda ta tanadi sai da izinin ƴan sanda, bisa dalilin lafiya ko na tsaro. Wannan ya shafi masu bin hanyar Maraɗi zuwa Katsina, ko Ƙonni zuwa Sakkwato. Kafin mu kashe kuɗinmu, mu tambayi ƴan sanda ko jandarmomin inda muke da na inda za mu, don kada a sa mu ɓare ledar a bakin hanya.

Idan an zo mannawa

Daga ciki ake manna ledar, bayan an wanke gilashi tas an fesa ruwan sabulu. Ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta bar ƙurji, saboda haka a nemi gareji mai rufi, a kuma guji ranakun da iskar hunturu ke kaɗawa. Bayan an gama, a yi haƙuri ƴan kwanaki ba a sauke gilashi ba har ruwan ya bushe. Wajen gogewa a yi amfani da tsumma mai laushi.

Abin da leda ba ta iyawa

Babban abin da ya sa muka ɗauko wannan batu shi ne yara. Leda mai kyau tana sauƙaƙa tafiya, ta rage wa na'urar sanyi wahala. Amma motar da aka ajiye a rana, zafinta hawa yake yi, da leda ko babu. A 2005 mujallar likitocin yara ta Amurka mai suna Pediatrics ta buga wani bincike da aka yi a jihar Kalifoniya. An gano cewa cikin awa guda zafin motar da ke rufe kan ƙaru da kimanin digiri 22, kuma kashi 80 cikin ɗari na ƙarin a rabin awar farko yake aukuwa. Ɗan sassauta gilashi bai canja komai na a zo a gani ba. Mu kwatanta da ranar da waje yake digiri 42: lissafi ya haura 60. Jikin ƙaramin yaro kuwa ya fi na babba saurin ɗaukar zafi ninki uku zuwa biyar.

Baƙin gilashi ma ƙara haɗarin yake yi ta fuska biyu. Yana sa uba ya ɗauka cewa yaron a inuwa yake, ya ce bari ya shiga kasuwa minti biyar. Kuma yana hana mai wucewa ganin yaron da ya galabaita a kujerar baya. Don haka kada mu bar yaro shi kaɗai a mota ko na ɗan lokaci. Mu leƙa kujerar baya duk sanda muka sauka. Mu kulle motar da ke ajiye a gida, mu ɗaga makullin, domin yara kan shiga wasa ƙofa ta rufe da su. In kuwa aka tarar da yaro ya jigata, a fito da shi inuwa nan take, a cire masa tufafi, a zuba masa ruwa ana yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti.

Inuwar bedi da kwalin da ake karewa da shi a gilashin gaba har yanzu sun fi kowace leda amfani ga motar da ke tsaye. Allah ya kiyaye mana zuri'armu, ya sa mu ga damina lafiya.