Landan da Kopanhagen: inda ƙwallon Ostireliya ta sauka, inda ta yi saiwa

A Melbourne ta Ostireliya aka fara rubuta dokokin wasan a 1859. A yau ana buga shi da ƙwallo mai siffar ƙwai, mutum 18 kowane ɓangare, turaku huɗu a kowane ƙarshen fili. Wanda ya buga ta tsakanin dogayen biyu na tsakiya ya ci maki shida, ta gefe kuwa maki ɗaya. A can, wasan ƙarshe yakan tara mutum kusan 100,000. A Turai kuwa, 'yan wasa ne ke cire kuɗi daga aljihunsu su sayi riga.

Ƙungiyar Wandsworth Demons ta kafu a 1990, shekarar da aka fara gasar Birtaniya, kuma Clapham Common ne gidanta, dandalin shaƙatawa na kowa da kowa a kudancin Landan. Ranar Asabar sai ka ga ƙato ya daka tsalle ya haye kafaɗar ɗan'uwansa ya cafe ƙwallo a sama, masu yawo da karnuka sun yi cirko-cirko suna kallo. Iya wasa kam akwai shi, domin yawancinsu samarin Ostireliya ne 'yan ci-rani, da nonon uwa suka sha abin. Ƙungiyar ta zame musu zango. Wanda ya sauka jiya, bai san kowa ba, kafin mako ya zagayo ya sami abokai, wataƙila har ɗaki da aiki. Wannan ba ƙaramin alheri ba ne, ban raina shi ba ko kaɗan. Sai dai baƙo raɓa ne. Biza na ƙarewa, gwanin bana ya tattara ya koma gida. Dole ta sa gasar ta ƙayyade yawan 'yan Ostireliya da za su shiga fili, don 'yan ƙasa su sami gurbi.

Denmak ba ta taɓa samun wannan yalwar ba, kuma rashin nan ne ya yi mata rana. A 1989 wani ɗan Ostireliya ya sa talla a jarida, yana neman masu sha'awa su zo dandalin Fælledparken a Kopanhagen a taɓa ƙwallo. Zuwa 1991 ƙungiyoyi uku sun fara gasa. Da yake babu baƙin da za su cika fili, sai aka koma kan 'yan gari, aka koya musu tun daga yadda ake naushin ƙwallo da dunƙulen hannu a miƙa wa abokin wasa. A garin Farum ma har yara aka jawo.

Idan aka haɗa su a fili, ina kyautata zaton Landan ce za ta ci. Amma zuciyata tana Farum, wurin yaron da bai taɓa taka Melbourne ba, yana bin ƙwallon da ba ta tsalle inda ake zato, mahaifinsa na gefe cikin rigar sanyi yana masa ihu da harshen Denmak.