Martabobin Zaƙi a Tsakanin Jinsunan Sukari

Ko da yake jama'a sun saba tara duk wani abu mai zaƙi a ƙarƙashin suna guda, malaman kimiyya, waɗanda ba sa yanke hukunci sai da mizani, sun tabbatar da cewa sukari jinsi-jinsi ne, kuma kowane jinsi da martabarsa a kan harshe. Da yake zaƙi ba ya hawa sikeli, sai suka mai da harshen ɗan Adam alƙali: a narkar da sukarin rake, wato sukuros, wanda shi ne a cikin mazarƙwaila da sukarin kanti, a ba shi daraja 100, sa'an nan a kawo wani jinsi a yi ta ƙarawa ana ragewa, har masu ɗanɗanawa su yi ittifaƙi a kan cewa zaƙin ya zo ɗaya.

A bisa wannan ƙiyasi, gulukos, wanda ke gudana a cikin jini, yana wajen 70. Laktos na madara kuwa bai cika wuce 20 ba, dalili ke nan da ya sa madarar da aka tatso yanzu daga hantsa, alhali kusan kashi 5 cikin 100 nata sukari ne, ba a jin komai a cikinta sai gardi. Furuktos, sukarin 'ya'yan itatuwa, shi ya ɗara kowa, don yakan kama daga 120 har ya kai 170, kuma rinjayen da ya yi wa gulukos a cikin zuma shi ne asirin ƙarfin zaƙinta.

Abin al'ajabi, gulukos da furuktos daga sinadarai iri ɗaya aka gina su, adadi ɗaya, kuzarin da suke ba jiki ma kusan ɗaya, ba su saɓa ba face a siffar ginin. Saboda haka, a ganina, wanda ke auna yawan sukari da harshensa ya dogara ga shaida mai rauni.

Shi furuktos ma ba ya tabbata a kan hali guda, domin idan ya narke a ruwa yakan kasu siffofi dabam-dabam, siffar da ta fi zaƙi kuwa ta fi yawa a cikin sanyi, zafi na ƙaruwa tana raguwa, har ya sauko ƙasa da sukuros. Shi ya sa cokalin zuman da ya wadatar a cikin fura mai sanyi yakan gaza a kofin shayi mai tururi, sai mai sha ya nemi ƙari.