Maganar "yis a hanji": abin da ya kamata mu sani

Kwanan nan mata da yawa a nan Minawao suna tambayarmu a kan wani magani da ake shigowa da shi daga kasuwannin Garwa da Marwa. Masu tallarsa suna cewa yis ne ya cika hanji, shi ke kawo kasala da kumburin ciki da ciwon kai, sai an wanke ciki. Mun tambayi ma'aikatan lafiya, ga bayanin da muka samu.

Yis ɗin nan gaskiya ne, likitoci na kiransa kandida. Yana zaune a baki da hanji da gaban mace na yawancin mutane, lafiya lau, domin ƙwayoyin cuta masu amfani suna danne shi. Yana samun sarari ne idan mutum ya yawaita shan kafso irin su amoksisilin ba bisa ƙa'ida ba, don suna kashe masu amfanin nan. Haka ma mai ciwon suga, da yaro mai tamowa, da mai ƙanjamau da bai fara shan magani ba.

Amma idan ya yi yawa, ana ganinsa. Jariri sai harshensa ya yi fari kamar an shafa kindirmo, ba ya gogewa da sauƙi, ya ƙi kama nono. Mace kuwa ƙaiƙayi ne da farin ruwa mai kauri. Kasala da kumburin ciki kaɗai ba su nuna yis ba. A nan sau da yawa tsutsar ciki ce, ko zazzaɓin cizon sauro, ko ƙarancin jini. Wankin ciki ba ya maganin ko ɗaya, ga gudawa da yake sa yara, ga kuɗin abinci ya tafi.

A asibiti ana ɗiga wa jariri nistatin a baki, sau huɗu a rana, a duba nonon uwar ma. Kada a kankare harshen. Mai juna biyu kada ta sha fulukonazol sai da izinin likita.

Babba da bakinsa ya yi fari, haɗiya tana masa zafi, ya nemi gwajin ƙanjamau da na suga. Gwajin ƙanjamau kyauta ne a asibitocin gwamnatin Kamaru tun Janairun 2020. Mace na iya neman mace ta yi mata fassara, kuma abin da muka ji a ɗakin likita, a can muke barinsa.